Ciwon Suga Da Hawan Babur: Amsa Ga Mai Saurarenmu Na Ƙasar Gumel

  

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin maganar da ke cikinta tana da nauyi, kuma ta shafi mutane da yawa. Ta fito ne daga wani bawan Allah a ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa da na garinsu, to mun sakaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ga abin da ya ce a taƙaice.

Ya ce shekarunsa 54, yana da mata biyu da 'ya'ya 11. Da damina noma yake yi, da rani kuma yana bin ƙauyuka a kan babur yana sayen riɗi da zoɓo da wake, yana kaiwa kasuwar Maigatari da ta Gujungu. Shekara 9 ke nan da aka ce masa yana da ciwon suga. In ya sami kuɗi ya sayi magani, in babu ya haƙura. Da farko ƙafafunsa zugi suke yi masa da dare, yanzu kuwa zugin ya ragu, amma ba ya jin ƙafafun sosai, har silifa kan fice masa bai sani ba. Wata biyu da suka wuce salansa ta ƙone shi a ƙafar dama, bai ji komai ba sai da ya sauka wani yaro ya nuna masa, kuma har yau ƙunar ba ta warke ba. In magariba ta yi, fitilar mota ta haske shi, sai hanya ta ɓace masa. Sau biyu yana faɗuwa, sau ɗaya da kaya, sau ɗaya yana goye da uwargidansa. Da ya je asibiti, likita ya ce ya ajiye babur.

Tambayoyinsa uku ne. Shin da gaske ciwon suga yana hana hawan babur, alhali ga wane da wane suna da shi suna kuma hawa? Babu maganin da zai sha ya ci gaba da sana'arsa? Sa'an nan in ya ajiye babur, me iyali za su ci?

Amsa a taƙaice

To Malam, sannu, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Gaskiya ɗaci gare ta, amma tun da ka tambaya ba za mu ɓoye maka ba. Likitan nan ya gaya maka gaskiya. Da alamomin da ka lissafa, hawan babur ya zama haɗari gare ka da duk wanda ka goya, da duk wanda ka tarar a kan hanya. Ka sauka yanzu da ƙafarka, kafin babur ya sauke ka.

Amma a fahimce mu da kyau. Sunan ciwon kaɗai ba ya hana mutum hawa. Akwai masu ciwon suga da yawa da ke tuƙa babur da mota shekara da shekaru lafiya lau. Abin da ke hanawa shi ne ɓarnar da ciwon kan yi wa jiki in ya daɗe ba a kula da shi ba. Wane da wane da kake gani, wataƙila ɓarnar ba ta kai musu inda ta kai maka ba, wataƙila kuma ta kai, kasada kawai suke yi da ransu. Bari mu bi abin daki-daki.

Yadda ciwon yake ɓarna

Duk abincin da muke ci, tuwo ne ko fura ko shinkafa ko rogo, in ya narke suga yake zama ya shiga jini. Akwai wata 'yar tsoka a bayan tumbin mutum da ke fitar da wani ruwa mai suna insulin. Aikin wannan ruwa shi ne ya buɗe wa sugan ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsokar jiki, ya zama ƙarfi. In ruwan ya yi kaɗan, ko kuwa jiki ya daina amsa masa, sai suga ya taru a cikin jini. Shi ke nan ciwon suga. Shi ya sa za ka ga mutum yana yawan fitsari, yana yawan jin ƙishirwa, yana ci amma yana rama.

In an auna jinin mutum da safe kafin ya ci komai, aka ga 126 ko fiye, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, to ciwon ya tabbata. Wasu na'urori sukan nuna wannan adadi da 7.0, 'yan'uwanmu na Nijar kuwa a takardarsu 1.26 za su gani. Duk abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta, kamar tiya da mudu.

Kada kowa ya ce wannan ciwon masu kuɗi ne ko na mutanen birni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990 masu ciwon sun kai miliyan 200 a duniya, amma zuwa 2022 sun kai miliyan 830. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 akwai manya miliyan 24 masu ciwon a Afirka, wajen miliyan 3.6 daga cikinsu a Nijeriya, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba.

To shi sugan da ya taru a jini, kamar gara yake. Daga waje azara tana nan lafiya, ciki kuwa an cinye. Yana cin ƙananan hanyoyin jini, yana kuma cin jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa. Yakan taɓa ƙoda da zuciya, yakan jawo shanyewar ɓarin jiki. Ga mahayin babur kuwa, wurare uku ne abin ya fi muni: ƙafa, da ido, da kuma faɗuwar suga farat ɗaya.

Maganar ƙafa

Duk wanda ya taɓa hawan babur irin su Boxer ya san rabin tuƙin a ƙafa yake. Ƙafar hagu ke sa giya, ƙafar dama ke taka birkin baya. In an shiga yashi ko gargada, ƙafa ake saukewa a dogara. Kuma ba ka duban ƙafar lokacin da take wannan aiki, ji kake yi. Tafin ƙafarka ne ke gaya maka ka taka birki da yawa ko kaɗan, giya ta shiga ko ba ta shiga ba, ƙasa ta yi tauri ko ta yi laushi.

To wannan jin ne ciwon suga ke ɗaukewa. Likitoci sun ce kusan rabin masu ciwon, in an daɗe, jijiyoyinsu kan taɓu. Daga 'yan yatsun ƙafa abin ke farawa, ya dinga hawa sama a hankali, daga baya ya kama hannuwa, waɗanda su kuma ke riƙe da kuloci da totur da birkin gaba. Da farko zugi ne da raɗaɗi, ko mutum ya ji kamar kiyashi na yawo, ko kamar ana tsira masa allura. Daga nan sai ƙafa ta mutu, ka ji kamar a kan auduga kake tafiya. Malam, da ka ce zugin ya ragu, kada ka ɗauka sauƙi ne ya samu. Sau da yawa alama ce jijiyar da ke kawo ƙarar ce ta yi shiru.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa ɗaya, a kowace daƙiƙa yana cin mita 17 ne ba kaɗan, wato fiye da taku 20 na babban mutum. A ce akuya ta tsallako, ko yaro ya fito da gudu daga lungu, ƙafarka ta yi daƙiƙa biyu tana laluben birki. Ka riga ka wuce mita 33 kafin ka fara tsayawa, ga buhu biyu na riɗi a baya suna tura ka. Ina akuyar, ina yaron?

Na biyu, ƙunar salansa. Mai lafiya in ƙarfe mai zafi ya taɓa shi, zabura zai yi ya janye. Wanda ƙafarsa ta mutu kuwa, sai ya bar ta a jikin ƙarfen har nama ya dahu. Sa'an nan ga jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata, ga suga da ke ciyar da ƙwayoyin cuta, sai ƙaramin rauni ya zama gyambo. In ya ci ya kai ƙashi, ko yatsa ya yi baƙi ya fara wari, ƙarshenta sai an yanke. Mafi yawan masu ciwon suga da aka yanke wa ƙafa, da ɗan ƙaramin rauni irin naka abin ya fara.

Saboda haka ƙunar nan taka ta wata biyu ta fi maganar babur gaggawa. A cikin makon nan ka koma asibiti a wanke ta, a duba zurfinta, a ba ka magani. Kada a barbaɗa mata toka ko garin magani, kada a zuba mata fetur ko ruwan batir, kada a yi mata sakiya ko ƙaho. Ba sammu ka taka ba, ba kuma jifa aka yi maka ba, aikin suga ne. In ka ga ta kumbura, ko tana ruwa, ko tana wari, ko zazzaɓi ya rufe ka, to ranar za ka tafi, kada ka jira wayewar gari.

Ga sauran masu saurare, akwai wani gwaji mai sauƙi da likitocin wani asibiti a garin Ipswich na Ingila suka fito da shi a 2011, ba ya bukatar ko kwabo. Mai ciwon ya kwanta ya cire takalmi, ya rufe ido. Ɗansa ko matarsa ta sa ɗan yatsa ta taɓa kan babban yatsan ƙafarsa a hankali na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ban da dannawa, sai na tsakiya, sai ƙaramin. A yi haka a ƙafa biyu, yatsu shida ke nan. Duk wanda ya ji an taɓa ya ce ya ji. In biyu ko fiye suka wuce shi bai ji ba, to jijiyoyi sun taɓu, sai a garzaya asibiti.

Maganar ido

A can bayan ƙwayar ido akwai wata 'yar fata marar kauri wadda hoton duk abin da ka kalla yake sauka a kanta. Cike take da hanyoyin jini waɗanda suka fi gashi siriri. Suga yakan raunana su, su dinga yoyo, ko su toshe, ko su fashe jini ya zuba a cikin ido. Mugun abin shi ne ba ya ciwo. Mutum na iya shekaru da shi bai sani ba, sai ranar da ya fara ganin hazo-hazo, ko baƙin ɗigo yana yawo kamar ƙuda, ko ya ga layi miƙaƙƙe ya karkace. Bayan wannan, masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa da yanar ido, wadda ke sa hasken fitila ya tarwatse ya rufe wa mutum gani. Abin da kake faɗi na magariba ya yi kama da wannan, amma likitan ido ne zai tantance.

Kowa ya san hanyoyinmu na karkara. Amalanke ba ta da fitila, raƙumi ba shi da fitila, shanun da ke dawowa daga kiwo ba su da ita, haka nan ramin da ruwa ya ci a gefen kwalbati. Kuma kasuwa ba ta tashi sai yamma, wato lokacin da idonka ya fi rauni shi ne lokacin da kake kan hanya da kaya.

Doka a nan ita ce duk mai ciwon suga ya kai idonsa a duba aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana gani garau. Ba gwajin karanta baƙaƙe a allo kawai ba, a ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe a leƙa can ciki. Daga Gumel, Kano ba nisa. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ido na ECWA, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa. Ranar da za ka je ka tafi da ɗan rakiya, domin maganin da ake ɗigawa yakan dushe gani na wasu awoyi.

Faɗuwar suga

Wannan na uku ya shafi har waɗanda ƙafarsu da idonsu lafiya lau. Kamar yadda suga ke hawa, haka yake faɗuwa. Allurar insulin da wasu ƙwayoyi irin su glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, suna iya sauke shi ƙasa da ƙima, musamman in mutum ya sha magani bai karya kumallo ba, ya hau babur cikin rana, ya wuni yana ɗora buhu yana saukewa. Ƙwayar metformin ita kaɗai ba ta cika yin haka ba. In suga ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, sai gumi ya karyo, jiki ya ɗauki karkarwa, zuciya ta dinga bugawa, ga yunwa, ga jiri, ga gani biyu-biyu. Wani sai ya ruɗe ya kama faɗa ba dalili, a ce ya sha wani abu ne ko iska ta taɓa shi. In ba a yi maza ba sai ya suma. To a ce wannan ya sami mutum yana tsakiyar titi. Wanda ya daɗe da ciwon ma, wani lokaci alamomin ba sa zuwa, sai dai kawai a ga ya faɗi.

A Ingila, ƙa'idar da hukumar ba da lasin tuƙi ta gindaya wa masu allurar insulin ita ce su auna suga kafin su kama hanya, su sake aunawa duk bayan awa 2. In ya sauka zuwa 90, wato 5.0, a ci wani abu tukuna. In kuwa ya faɗi a hanya, a tsaya, a gyara shi, sa'an nan a jira minti 45 bayan ya daidaita kafin a ci gaba, domin ƙwaƙwalwa ba ta dawowa nan take. Wannan ƙa'ida ce mai kyau da kowa zai iya ara.

Saboda haka mai ciwon suga da likita ya yarda ya ci gaba da hawa, ya riƙe waɗannan. Kada ya hau da yunwa. Kada aljihunsa ya rabu da suga na kwali ƙwaya 3 ko 4, ko alewa. Da ya ji alama ya sauka gefen hanya ya kashe babur, ya sha sugan ko rabin kwalbar lemo, bayan minti 15 in bai ji daidai ba ya ƙara, sa'an nan ya bi da abinci. Ya sa takalmi sau-ciki da safa, ya bar silifa. Ya sa hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sawa tun ranar 1 ga Janairun 2009. Ya gaya wa abokan tafiyarsa halin da yake ciki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kuma jama'a, in kun ga irin wannan ya suma, kada ku ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe ku kai shi asibiti mafi kusa. In watan azumi ya gabato, a je a ga likita tun cikin Sha'aban a gyara lokutan magani, a kuma tambayi malamai, domin shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Shin akwai magani?

Mu koma tambayarka ta biyu, Malam. Wani abu yana gyaruwa, wani kuma sai dai a tsayar da shi inda ya kai. Hazon da hawan suga ke kawowa na ɗan lokaci yakan washe cikin 'yan makonni in suga ya daidaita. Yanar ido ana yi mata aiki mutum ya koma gani. Ɓarnar bayan ido kuwa ana yi mata ƙuna da wani haske na musamman, ko allura, domin a tsare ganin da ya rage. Zugin ƙafa yana da maganin da ke rage shi. Haka kuma wanda ya daɗe yana shan metformin, wani sinadari mai suna B12 yakan yi ƙaranci a jikinsa, shi ma yana kashe ƙafa, kuma wannan ana magance shi. Ka roƙi likita ya duba maka.

Amma jijiyar da suga ya riga ya kashe, galibi ba ta dawowa. Shi ya sa wani kan ajiye babur na wata uku ya koma, wani kuwa ya ajiye ke nan. Da yadda ka bayyana ƙafarka, gara ka shirya wa na biyun a ranka, in Allah ya kawo sauƙin da ya fi haka, falillahil hamdu. Likitan da ya gwada ka shi zai yanke, ba ƙarfin halinka ba.

Masu lasifika a kasuwa da ke cewa kwalba ɗaya tana tsinke ciwon suga har abada, ka riƙe kuɗinka. Tun da Frederick Banting da abokan aikinsa suka gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa marar lafiya allurarsa a 1922, masu ciwon suke rayuwa mai tsawo, amma da lallaɓawa, ba da warkewa ba. Lallaɓawar ita ce shan magani kullum ba fashi, da aunawa a kai a kai, da kula da hawan jini, da barin taba. Maganin yau a sha gobe a bari shi ya ba garar nan dama. A rage malmalar tuwo, a ƙara miya da ganye irin su zogale da rama da kuɓewa, a ci wake. A bar shayi mai kauri da lemon kwalba da rake da zuma, a sha fura da kunu ba suga kuma ba da yawa ba. Kullum kafin a kwanta a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ido bai kai ba a sa iyali su duba. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. A zazzage takalmi kafin a sa. Kada a shiga gona ba takalmi. Da hunturu kada a miƙa ƙafa ga kaskon wuta, ruwan wanka kuma a gwada zafinsa da gwiwar hannu.

Me iyali za su ci?

Wannan ita ce tambayar da ta hana ka barci, mun sani, kuma ba za mu raina ta ba. Baki 13 ban da naka ba wasa ba ne. Amma Malam, zauna ka yi lissafin ɗan kasuwa. In ka ajiye babur, abin da za ka rasa shi ne wani kaso na riba. In ka ci gaba ka faɗi ka karye, ga ciwon da ke hana rauni warkewa, babur ɗin za a sayar, a sayar da tumaki, wataƙila a jinginar da gona, ka yi wata da watanni a kwance, sa'an nan ka tashi da sanda ko ba ƙafa. In kuwa ɗan wani ka buge, wannan nauyi har gaban Allah. Uwargidanka da ka faɗi da ita, Allah ya kiyaye wancan karo, ba a gwada na biyu.

Sa'an nan ka tuna, ba babur ne ya san riɗi ba, kai ka sani. Kai ne kake damƙa ka gane mai yashi da mai tsabta, kai ka san wane manomi ne mai cika alkawari, kai ne manyan 'yan kasuwa suka amince wa. Wannan shi ne jarinka na gaskiya, kuma suga bai taɓa shi ba. Cikin 'ya'ya 11 da wuya a rasa wanda ya isa hawa, mai hankali, wanda ba ya ganganci. Shi ya tuƙa, kai ka zauna a baya da takalminka sau-ciki, kana lura da salansa. Ka ga ka sami direba, shi kuma ya sami makarantar kasuwanci kyauta. Ranar da babu kasuwa ya yi acaɓa ya kawo balas.

In wannan bai yiwu ba, ga waya a hannunka. Ka kafa ma'auninka a ƙofar gida ko ka kama rumfa a kasuwa, yara su bi ƙauyuka su tattaro, ka biya su lada, ranar Alhamis ka bi motar kasuwa zuwa Maigatari da kayanka. Ko ka sayar da babur ɗin tun yana da daraja ka ƙara a jari, ko ka sayi raguna ka turke. Wasu za su ce ka koma A Daidaita Sahu tun da ƙafa uku gare shi. To shi ma da ƙafa ake taka birkinsa, da ido ake ganin hanya, saboda haka bai raba ka da matsalar ba.

Mutanen Kano sun ga misali. A watan Janairun 2013 gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni, dubban magidanta suka wayi gari ba sana'a. An sha wuya ƙwarai, amma da yawa suka kama wata hanyar, abinci bai yanke ba. Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin da zai ci. Kai ma ka fi su dama, domin kana da lokacin shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kira ga iyali da abokan kasuwa

Ku matan gida da 'ya'ya, ku sani namijin da ya shekara 30 yana fita da asuba a kan babur ɗinsa, ranar da aka ce ya miƙa makulli ba ƙaramin abu ne a zuciyarsa ba. Kada a yi masa gori, kada a mai da shi kamar ya tashi daga aiki. A ci gaba da shawara da shi, kuɗi su ci gaba da bi ta hannunsa. A sa kuɗin maganinsa a sahun kuɗin hatsi, kada ya zama sai an sami rara. Ku kuma abokan kasuwa ku riƙe amana, ku ci gaba da ciniki da shi a inda yake zaune, yau gare shi gobe ga waninsa.

Sauran mahaya babur kuma, manomi ne ko ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu, duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon suga a danginsu, ko yake tashi fitsari sau da yawa da dare, ya je a auna shi. Ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, minti biyu an gama. Ranar 14 ga Nuwamban kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya tun daga 1991, kuma asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi awo kyauta a wasu wurare. Wanda aka gano nasa da wuri, ya kuma bi doka, yana iya tsufa a kan babur ɗinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To jama'a, a nan za mu dasa aya, lokaci ya yi mana halinsa. Mai wasiƙa, muna jiran ka sake rubuto mana ka gaya mana yadda ƙafar ta yi da abin da likitan ido ya ce. Allah ya ba ka lafiya, ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya ba dukkan marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti.